Waiwaye: Larry Johnson, kocin da kujera ta wuce shi amma ƙartinsa suka cika NFL

Ranar 5 ga Disamba, 2020, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Jihar Ohio ta je baƙunta garin East Lansing ba tare da babban kocinta ba. Korona ta kama Ryan Day, dole ya killace kansa a gida. Sai aka ce dattijon da ke kula da sahun gaba na masu tsaron gida, Larry Johnson, ya riƙe ragamar. Suka lallasa Jami'ar Jihar Michigan da maki 52 da 12. Da wannan ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiyar a wasa, ƙungiyar da ke taka leda tun 1890. Da Day ya warke ya karɓi kujerarsa, Johnson kuma ya koma wurin ƙartinsa.

Wanda bai saba kallon wasan ba yana buƙatar ɗan bayani kafin ya gane sana'ar mutumin. Ƙwallo ce mai siffar ƙwai, mutum 11 a kowane ɓangare. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kowane yunƙuri yana farawa da sahu biyu na ƙarti suna fuskantar juna, kusan goshi da goshi. Biyar na kare kwatabak, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo kuma shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya. Huɗu a ɗaya ɓangaren na son su fasa wannan katangar su kayar da shi tun ƙwallo na hannunsa, ko su toshe hanyar mai gudu da ita. Waɗannan huɗun su ne ɗaliban Johnson. Ƙwallo ba ta cika wuce daƙiƙa uku a hannun kwatabak ba, saboda haka duk aikin yana kan takun farko, da inda za ka sa hannu, da yadda za ka kuɓuce daga riƙon mutumin da nauyinsa ya kai kilo 140. Wanda ya san kokawa zai gane abin da ido. Ƙarfi kowa yana da shi a wurin, dabarar hannu ce ke raba su.

Johnson ɗan garin Williamston ne a Jihar Carolina ta Arewa. Ya yi wasa a Jami'ar Elizabeth City, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata. Daga nan ya shiga koyar da 'yan sakandare, ya shafe shekaru a makarantar McDonough da ke Jihar Maryland, inda ya ci kofin jiha sau uku, sannan ya ɗan taɓa aiki a makarantar T.C. Williams da ke Virginia. Ya haura shekara 40 kafin ya samu aikin jami'a, shekarun da wasu sa'o'insa har sun zama manyan koci.

A 1996 babban koci Joe Paterno ya ɗauke shi aiki a Jami'ar Jihar Pennsylvania, wadda aka fi sani da Penn State, daga 2000 kuma aka damƙa masa sahun gaba baki ɗaya. A nan ne shekarun sakandaren suka yi masa rana. Kocin jami'a a Amurka ba horo kaɗai yake yi ba, shi ne mai zawarcin yara. Zai shiga mota ya je makarantar yaro, ya zauna a falon iyayensa, ya shawo kansu cewa ɗansu zai fi samun tarbiyya da ci gaba a hannunsa. Johnson ya san malaman wasannin Maryland da Virginia da birnin Washington tun suna abokan aiki, don haka ƙofofi ba su yi masa wuyar buɗewa ba. An kuma san shi da riƙo da addini da rashin ashar, abin da ba a cika samu ba a wannan sana'a ta ihu da zage-zage.

Sakamako bai daɗe ba. A kowace shekara ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwararru, suna zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓa. A 2000 ɗalibinsa Courtney Brown ne aka fara kira a duk ƙasar. Michael Haynes da Jimmy Kennedy suka fita a zagayen farko na 2003. Tamba Hali, yaron da ya tsere daga yaƙin basasar Laberiya yana ɗan shekara 10, ya bi sahu a 2006, sai Aaron Maybin a 2009 da Jared Odrick a 2010. Ɗansa na cikinsa ma, Larry ƙarami, ya yi gudun da ya haura yadi 2,000 da ƙwallo a kakar 2002 a wannan ƙungiya.

Sai ga masifar Nuwambar 2011. Aka kama Jerry Sandusky, tsohon mataimakin Paterno, da laifin lalata da yara maza. Jami'a ta sallami Paterno bayan kaka 46 a kan kujera, ya rasu a Janairun 2012. A Yulin shekarar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ci jami'ar tarar dala miliyan 60, ta hana ta wasannin ƙarshen kaka, ta kuma ba kowane ɗan wasa damar ya koma wata jami'a nan take. Sabon koci Bill O'Brien ya zo da mutanensa, amma ya riƙe Johnson, ya zama ɗaya daga cikin 'yan tsirarun tsoffin fuskokin da yaran suka sani.

A farkon 2014 O'Brien ya tafi NFL, aka naɗa Johnson riƙon ƙwarya. Ya nemi kujerar, 'yan wasa da dama suka goya masa baya a fili, amma jami'a ta ɗauko James Franklin daga Vanderbilt. Franklin ya yi masa tayin ya ci gaba da aikinsa, ya ce a kai kasuwa. Bayan kaka 18 ya tattara nasa ya nasa, cikin 'yan kwanaki Urban Meyer, babban kocin Jami'ar Jihar Ohio a lokacin, ya ɗauke shi zuwa Ohio, babbar abokiyar hamayyar Penn State a gasa ɗaya. A ganina Penn State ba ta yi kuskure ba da ta ɗauki Franklin, ya farfaɗo da ƙungiyar. Sai dai farashin ya yi tsada, domin shekara da shekaru ta yi ta haɗuwa da yaran da mutuminta ya horar.

Kakarsa ta farko a Ohio ta ƙare da kofin ƙasa, suka doke Oregon 42 da 20 a Janairun 2015. Daga nan abin ya zama kamar masana'anta. Joey Bosa ya fita na uku a zaɓen 2016, ƙanensa Nick na biyu a 2019, Chase Young na biyu a 2020. Young ɗan Maryland ne, tsohuwar gonar Johnson, kuma a 2019 ya kafa tarihin jami'ar da kayar da kwatabak sau 16 da rabi (in mutum biyu suka haɗu suka kayar, kowa rabi ake rubuta masa). Dukkan ukun sun lashe kyautar sabon ɗan wasan tsaro mafi ƙwazo a shekararsu ta farko a NFL. 'Yan sahun har suna suka sa wa kansu, Rushmen, wato masu kai farmaki.

Bayan tafiyar Young ruwa ya ɗan ja baya. Jami'ar Michigan (daban take da Jami'ar Jihar Michigan), babbar kishiya, ta doke Ohio sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, a wasan 2021 kuwa ta ratsa sahun gaba da gudun kusan yadi 300. Magoya baya suka fara guna-guni cewa dattijon ya cika sauya 'yan wasa a tsakiyar wasa, salonsa kuma ya tsufa. Maganar ta yi ƙarfi a Oktoban 2024, da Oregon ta yi nasara 32 da 31 ba tare da an kayar da kwatabak ɗinta ko sau ɗaya ba. Ranar 1 ga Janairu, 2025 suka sake haɗuwa a wasan Rose Bowl, a gasar neman kofin ƙasa. A wannan karon sau takwas aka kai shi ƙasa, Ohio ta ci 41 da 21.

Wasan da ya biyo baya, da Texas, shi ne wanda mutanen Ohio ba za su manta ba. Saura minti biyu da 'yan kai, Ohio na gaba 21 da 14, Texas na yadi takwas daga layin ci, kuma damarta ta huɗu ce. Jack Sawyer, ɗaya daga cikin ɗaliban Johnson, ya zagaye mai tare shi ta gefe, ya auka wa kwatabak Quinn Ewers, wanda suka taɓa zama ɗaki ɗaya lokacin Ewers na ɗalibi a Ohio. Ƙwallo ta suɓuce, ta yi tsalle ɗaya ta faɗo hannun Sawyer, ya sheƙa da gudu yadi 83 har layin ci. Kwana goma bayan haka suka doke Notre Dame 34 da 23, Johnson ya ɗauki kofin ƙasa na biyu yana da shekara fiye da 70.

A zaɓen NFL na Afrilun 2025 an kira dukkan huɗun da ke fara masa wasa a wannan kaka: Tyleik Williams ya tafi Detroit a zagayen farko, JT Tuimoloau Indianapolis, Sawyer Pittsburgh, Ty Hamilton kuma Los Angeles.