Lambun makaranta a lokacin kaka: me yara za su yi, me za su koya?

Ashe ba da kaka ake rufe lambu ba?

A'a. A ƙasashe masu tsananin hunturu, irin na Turai da Amurka ta Arewa, kaka takan kama ne wajen 22 ko 23 ga Satumba, sa'ad da tsawon dare da na rana suke kusan daidaita. Lokacin kuwa ɗaliban firamare ba su daɗe da dawowa daga dogon hutu ba. Abin da aka shuka tun bazara ya nuna, wani ya bushe, ga iri ko'ina. A ganina babu lokacin da lambu ke koyarwa kamar wannan, domin yaro yana ganin ƙarshen wata shuka da mafarin wata a wuri guda.

Akwai abin da za a shuka alhali sanyi na tafe?

Akwai. Latas da alayyafon Turawa suna jure sanyi, kuma ba sa daɗewa kafin a ci. Amma tafarnuwa ta fi dacewa da ƙananan hannaye. A ɓare ta, kowane yaro ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya binne, tsinin yana kallon sama, zurfin kamar santimita 5, makonni kaɗan kafin ƙasa ta daskare. Sanyin hunturu ne ke sa ta rabu gida-gida, sai damina ta gaba a haƙe. A bar kowa ya kafa ɗan itace da sunansa a inda ya shuka.

Yara na tambayar dalilin da ganye ke sauya launi. Me za a ce musu?

Koren ganye daga sinadarin kulorofil yake, wanda shuka ke kama hasken rana da shi ta haɗa abincinta. Idan rana ta gajarta, bishiya sai ta daina yin sa, koren ya dushe, rawayar da ke ɓoye tun da farko ta bayyana. Ja kuwa sabo ne, wasu bishiyoyi ke ƙera shi da kaka. Kafin wannan bayani, a tura su su tsinto ganye su ware bisa launi da siffa. Tambayoyinsu sai sun fi na malam yawa.

Ganyen da ya zube fa, shara ce?

Ko kusa! Nan ne darasin da na fi so. A tara busasshen ganye, a riƙa haɗa shi da ɗanyen ciyayi da ɓawon kayan marmari, a yayyafa ruwa ya yi danshi, a riƙa juyawa don iska ta shiga. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke cinye shi, kuma aikinsu na fitar da zafi: tari babba yakan haura digiri 50 a ma'aunin Salshiyas. A ba yara ma'aunin zafi su soka a tsakiya duk mako su rubuta. Wanda ya ga tururi na tashi daga tarin taki da sanyin safiya ba zai sake cewa ƙasa matacciya ce ba. Tsutsar ƙasa ma, wato tana, in an tono ta, a duba a mayar.

Lissafi da rubutu suna da wuri?

Sosai. A yanka kabewa, kowa ya yi hasashen yawan 'ya'yanta, sannan a ƙirga goma-goma. Irin wake da ya bushe sarai a zuba a ambulan na takarda, yara su rubuta suna da kwanan wata. Kada a sa mai danshi a leda, fumfuna zai yi.

Sai a kiyaye me?

Wuƙa a hannun malami kawai. Ba a cin komai sai an tambaya, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a koma aji.