Ribas furoksi a gungun kwantenoni

Ribas furoksi tsarin manhaja ne da ke tsayawa a gaban sabobi (kwamfutocin da ke riƙe da shafuka da manhajojin intanet), yana karɓar buƙatun masu amfani da intanet, ya miƙa kowace buƙata ga sabar da ta dace, sannan ya dawo da amsa. Mai buɗe shafi da furoksin kaɗai yake hulɗa, ba ya ganin sabar da ta yi aikin.

Amfaninsa ya ƙara fitowa fili bayan ɓullowar Docker a 2013 da Kubernetes a 2014, manhajojin da ke gudanar da kwantenoni. Kwantena, wato keɓaɓɓen ƙunshi da manhaja ke aiki a cikinsa, ba ta daɗewa. Ana kashe ta a tayar da wata cikin daƙiƙoƙi, sabuwar kuma takan zo da sabon adireshin IP na cikin gida, wanda ba a iya kaiwa gare shi daga waje. Saboda haka ake ajiye furoksi a matsayin ƙofa guda tsayayya, yana sauraro a mashiga ta 80 don HTTP (ƙa'idar sadarwar shafukan intanet) da ta 443 don HTTPS (nau'inta mai tsaro). Da sunan shafi da kuma hanyar da aka nema yake gane inda buƙata za ta.

Inda aikin yake da wuya shi ne sanin kwantenonin da ke raye a kowane lokaci. Manhajojin furoksi irin su Nginx, wanda Igor Sysoev ya fitar a 2004, da HAProxy na Willy Tarreau sun taso ne a zamanin da ake rubuta jerin sabobi da hannu. Traefik da Envoy kuwa an gina su don su riƙa sabunta jerin ba tare da an tsayar da su ba. A Kubernetes ana rubuta dokokin shiga a tsarin da ake kira Ingress, ko a Gateway API da ya kai siga ta 1.0 a 2023. Idan jerin ya tsufa, buƙata takan faɗa kan matacciyar kwantena, mai ziyara ya ga kuskure mai lamba 502. Shi ya sa gwajin lafiyar kwantena ba abin sakaci ba ne.

Furoksin kan riƙe takardun shaidar TLS (tsarin da ke ɓoye bayanai a HTTPS), ya kuma raba nauyi tsakanin kwantenoni. Tunda manhajar ciki adireshin furoksi take gani, ana saka na mai ziyara a wani bayani da ke tafiya tare da buƙatar, mai suna X-Forwarded-For. A kan gudanar da furoksi fiye da ɗaya, domin faɗuwar guda tilo na rufe gungun baki ɗaya.