Kundin buɗe wasa na injinan ces: daga yau kada a sake tambayata

Tun da muka fara haɗa injinan ces, wato manhajojin kwamfuta masu buga wasan ces, su kara da juna a shagona na Zoo Road, tambayoyin nan ake ta maimaita min. Na gaji da amsa su ɗaya-ɗaya.

Mene ne kundin buɗe wasa?

Fayil ne mai ɗauke da takun farko na wasa. Inji yana bin su ba lissafi, sai sun ƙare ya fara tunani da kansa.

Stockfish, sanannen injin ces ɗin nan, bai zo da nasa ba?

Bai zo da shi ba. Manhajar da ke haɗa wasan, irin su cutechess, ita ake ba kundin.

Me zai hana a bar su su fara daga tushe?

Gwada ka gani. Canjaras za ka yi ta kwasa har ka yi gyangyaɗi, kusan wasa iri ɗaya.

PGN, EPD ko Polyglot?

Duka nau'o'in fayil ɗin kundi ne. PGN jerin taku ne, EPD hoton allo ne kawai, Polyglot kuma fayil ɗin .bin ne mai ba kowane taku nauyinsa. Fara da PGN, ɗan'uwa, ba abin kunya ba ne.

Taku nawa zan sa, kuma dole ne ɓangarorin su yi daidai?

To, nan ne aikin yake, kuma ya danganta da abin da kake nema. In so kake ka san wane inji ya fi, gajeren kundi nake so, kamar taku shida zuwa takwas, domin in ya kai ashirin kai ka buga wasan, inji ya tarar an gama. Batun daidaito kuwa, da ni ma na ɗauka adalci shi ne a ba su allo mai daidaito. Ashe tun da Stockfish ya samu NNUE, sabuwar fasaharsa ta auna allo, a 2020, irin wannan allon kunnen doki yake haifarwa. Shi ya sa Stefan Pohl, wani mai gwada injinan ces, ya haɗa kundayen da ake kira UHO, inda fari ke fara wasa da ɗan rinjaye da gangan. Gasar injinan ces ta TCEC ma a wasan ƙarshe da irin waɗannan buɗewa masu karkata take aiki. Adalcin yana wurin buga kowace buɗewa sau biyu, a yi musayar launi. Amma a yi hattara: in rinjayen ya yi yawa, fari zai ci duka biyun, ɗaya da ɗaya, ba ka koyi komai ba. Ni ina neman allon da Stockfish ke auna rinjayen fari da kusan +1.00, wanda daga sigar 15.1 ke nufin damar cin rabin wasanni. Wannan ma ya danganta da lokacin da ka ba su; buɗewar da ke fitar da mai nasara a wasan minti ɗaya takan ƙare canjaras a na awa ɗaya. In kuwa kundin naka na cin na wani ne, manta duk wannan, ka zurfafa layuka kaɗan.

Injina ya ci wasa bakwai cikin goma, kundina ya yi kyau ke nan?

Haba malam! Wasa goma? Buga ɗaruruwa tukuna. Kuma duba kwamfutarka: a zafin Afrilu na Kano tawa takan rage gudu da rana tsaka, har na koma ɗora ta kan bulo biyu gaban fanka, in bar wasannin sai bayan isha'i.

Zan iya kwafo wasannin Carlsen, gwanin ces ɗin nan, in yi kundi?

Kwafo, amma ka tace su da inji, ka cire masu maimaita allo ɗaya.