Oxford da ƙungiyoyin wasanta: daga Kofin FA zuwa tseren kwale-kwale

Da yawa in an ce Jami'ar Oxford karatu kawai ke zuwa musu a rai, amma fa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jami'ar nan ta taɓa ɗaga Kofin FA, eh wannan dai da su Arsenal da Man United ke kokawa a kai. A 1874 ne, suka ci Royal Engineers, ƙungiyar injiniyoyin sojan Birtaniya, 2-0 a filin Oval na Landan, kuma sau huɗu suna zuwa wasan ƙarshe tsakanin 1873 da 1880. Lokacin ƙwallo wasan 'ya'yan masu hali ne, ba a biyan kowa ko sisi. Da aka halatta biyan 'yan wasa a Ingila a 1885 sai harka ta koma hannun kulob-kulob, ɗalibai suka ja gefe.

To abin da ya rage musu, wanda dama ya girmi ƙwallon, shi ne adawa da Cambridge. Wani ɗalibin Oxford, Charles Wordsworth, shi ya haɗa wasan kurket na farko tsakanin jami'o'in biyu a 1827, bayan shekara biyu kuma shi da abokinsa Charles Merivale na Cambridge suka shirya tseren kwale-kwale a garin Henley, Oxford ta yi nasara. Daga baya aka mayar da tseren Landan, tun 1856 ake yin sa duk shekara in ban da lokacin yaƙin duniya biyu da kuma 2020 da korona ta hana. Mutum takwas ke jan filafili, sai matuƙi ɗaya, a kan kogin Thames daga Putney zuwa Mortlake, wajen kilomita 6.8.

A nan al'adun suka fi yawa gaskiya. Wanda aka kayar bara shi ke aika wa ɗaya ƙalubale bana. Kafin a tashi ana jefa wani tsabar zinare na 1829 don a zaɓi gefen kogi. Waɗanda suka ci kuma sai su ɗauki matuƙinsu su wurga shi cikin ruwa, wai murna ke nan, ko da yake a 2024 an gargaɗe su da su bari saboda ƙazantar da aka samu a kogin. An sha kallo kam, a 1877 an ce canjaras aka yi kuma har yau ana gardamar hukuncin, a 1912 kwale-kwalen biyu duk suka cika da ruwa dole aka sake tseren. Jimilla dai Cambridge ce ke gaba a yawan nasara, abin da 'yan Oxford ba sa son a tuna musu.

Kala ma tana da labari. Oxford shuɗi mai duhu, Cambridge shuɗi mai haske, kuma duk wanda ya wakilci jami'a a babban karo da abokan adawa ana ba shi lambar yabo da ake kira Blue, wasu har a takardar neman aiki suke rubuta ta.

Akwai kuma Roger Bannister, tsohon ɗalibin jami'ar, da ya fara gudun mil ɗaya ƙasa da minti huɗu a filin Iffley Road ranar 6 ga Mayu 1954, minti 3 da daƙiƙa 59.4, yanzu filin sunansa yake ɗauke da shi.

Inda ni dai nake ganin riƙon al'ada ya yi yawa shi ne batun mata. Tun 1927 suka fara nasu tseren, a farkon ma ba a bari kwale-kwalen biyu sun tashi tare ba, lokaci da salon tuƙi aka duba aka ba da maki. Sai a 2015, bayan shekara 88, aka bar su suka yi tsere daga Putney zuwa Mortlake rana ɗaya da maza.