Agogon Hannu Mai Kalandar Dindindin Da Kronograf: Me Ya Sa Ake Rububinsa?

Wane irin agogo ne wannan?

Agogo ne na inji, ba batir, da aka haɗa masa ayyuka biyu masu wuya a gida ɗaya. Kronograf shi ne ma'aunin daƙiƙoƙi: ka danna maɓallin sama hannu ya fara gudu, ka sake dannawa ya tsaya, na ƙasa ya mayar da shi sifili. Kalandar dindindin kuwa ta san watan da ke da kwana 30 da mai 31, ta san Fabrairu, har da ranar 29 da ke zuwa duk bayan shekara huɗu.

Ta yaya ƙarfe zai san tsawon wata?

A yawancinsu akwai wani ɗan faifai da ke zagayawa sau ɗaya a wata 48. An yanka gefensa hawa da sauka, kowane gurbi na wata guda. Wani siririn hannu yana taɓa gefen. Zurfin gurbin da ya faɗa ne ke faɗa masa kwana nawa zai tsallake a ƙarshen wata. Gurbin Fabrairu ya fi kowanne zurfi.

Amma "dindindin" ɗin da iyaka. A lissafin kalandar Miladiyya, shekarar 2100 ba ta da 29 ga Fabrairu, inji kuma bai san da haka ba. Sai an gyara shi da hannu ranar 1 ga Maris ta wannan shekara. Wannan aikin jikoki ne.

Wa ya fara ƙera shi?

Kamfanin Patek Philippe na Jeneba, a 1941, da samfuri mai lamba 1518. Shi ne na farko da aka ƙera da yawa a jere, kuma "yawan" bai wuce 281 ba zuwa 1954. Magajinsa, 2499, ya kai har 1985, amma guda 349 kacal aka yi, wato kusan goma a shekara. Daga baya 3970 da 5970 da 5270 suka biyo. Kamfanin IWC na Suwizalan ya fito da nasa mai suna Da Vinci a 1985, A. Lange & Söhne ta Jamus kuma tana da Datograph Perpetual.

Ina kyan ƙirar yake?

A ganina, a fuska. Dubi 1518: faɗinsa milimita 35 ne, amma ya ɗauke ranar mako da sunan wata a tagogi biyu ƙanana ƙarƙashin ƙarfe 12, kwanan wata da surar farin wata a ƙarfe 6, ƙananan da'irori biyu a 3 da 9. Bayani ya kai haka, ido kuma bai ruɗe ba. Cusa ayyuka a agogo kamfanoni da dama sun iya. Shirya su yadda za a karanta da kallo ɗaya shi ne inda ake bambanta, shi ya sa Patek ya riƙe wannan tsari sama da shekara 80 da ɗan sauyi kaɗan.

Zinare ne ke sa tsadar?

A'a. A 2016, a gwanjon Phillips a Jeneba, an sayar da 1518 na baƙin ƙarfe kan farank miliyan 11 na Suwizalan, ya bar 'yan'uwansa na zinare a baya nesa. Dalili: guda huɗu kawai aka sani na ƙarfen. Ƙaranci ake saye, sai kuma asali. Agogon da aka goge gidansa har gefuna suka lanƙwashe, ko aka sake wa fuskarsa fenti, darajarsa faɗuwa take ko da yana ƙyalli kamar sabo. Masu tarawa sun fi son dusashewar shekaru da takardun asali.

Yana da wahalar riƙewa?

Sosai. Idan ya tsaya na makonni, sai a bi kowane sashe a saita shi da ɗan tsinke ta ƙananan maɓallan gefe. Kada a taɓa kalandar da tsakar dare lokacin da inji ke juya kwana, haƙoran giya na iya karyewa. Wasu samfuran ma ba sa komawa baya: idan ka zarce kwana, sai ka bar agogon ya tsaya har ranar ta riske shi, ko ka kai shi wurin mai gyara.