Dokar laifuffukan intanet: tana kama ɗan damfara, tana iya kama mai tura saƙo

Ran wata Juma'a a fadarmu ta unguwar Bukoki a Yamai, muna jiran shayi na biyu, ƙanen maƙwabcina ya miƙo mini salularsa hannunsa na rawa. Wani ne ya kira shi da muryar mutanen ofis, ya ce daga kamfanin tura kuɗi yake, wai an yi kuskure a asusunsa, ya karanto lambar da ta shigo masa yanzu don a gyara. Shi ko ya karanta. Kafin a sauke buta, jaka tamanin da ya tara da gumin kabu-kabu sun yi layar zana.

"Yaya, wannan akwai doka a kansa kuwa?"

Akwai. Ita ce dokar Nijar mai lamba 2019-33, ta 3 ga Yulin 2019, wadda aka kafa zamanin Shugaba Issoufou Mahamadou don hukunta laifuffukan da ake aikatawa ta intanet da kwamfuta da waya. Ta lissafa su da dama: kutsawa cikin na'ura ko asusun wani ba da izininsa ba, sauraren saƙonnin mutane a ɓoye, ɓata bayanai ko canza su, ƙirƙiro takardun jabu, sojan gona da sunan wani, yaɗa hotunan batsa na yara, da kuma damfara irin wadda aka yi wa yaron nan. Hukuncinsu ɗauri ne da tara. Wanda ya ƙwace maka WhatsApp yana roƙon ƴan'uwanka kuɗi da sunanka, wai kana kwance asibiti, shi ma yana ciki.

Abin da na gaya masa shi zan gaya wa kowa: kada ka goge komai. Lambar da ta kira ka, sa'ar da aka kira, saƙon cire kuɗin da lambar shaidarsa, duk ka ɗauki hotonsu. Ka sanar da kamfanin nan take, sannan ka kai ƙara komisariya ko wurin ƴan sandan bincike, PJ, inda akwai sashen da ke bin irin waɗannan laifuffuka. Ban yi masa alkawarin kuɗinsa za su dawo ba. Ɓarawon kan raba su cikin layuka da dama ya cire cikin minti kaɗan, layin ma sau da yawa da katin shaidar wani aka yi masa rajista. Amma kunya ce ke sa mutane shiru, ɓarayin kuwa da shirun suke cin kasuwarsu.

Wannan rabin dokar ba wanda ke jayayya da shi. Rigimar tana cikin ayoyi uku.

Aya ta 29 ta shafi ɓata suna ta hanyar sadarwar zamani, ta 30 zagi, ta 31 kuma yaɗa bayanan da ka iya tada zaune tsaye ko su taɓa mutuncin ɗan Adam. A dokar 2019 duka uku akwai gidan kaso a kansu. Abin ya zo da ɗaure kai, domin tun 2010 Nijar ta cire ɗauri daga laifuffukan aikin jarida. Sai ya zama maganar da ɗan jarida zai buga a takarda ya tsira da tara, in ya sa ta a Facebook tana iya kai shi kurkuku. Haka ta faru da ƴar jarida Samira Sabou: an kama ta a Yunin 2020 kan abin da ta wallafa game da binciken sayen kayan yaƙi a ma'aikatar tsaro, ta yi kwana 48 a tsare kafin kotu ta sallame ta.

Bayan ƙorafin ƴan jarida da ƙungiyoyin farar hula, a 2022 zamanin Mohamed Bazoum majalisar dokoki ta yi wa dokar kwaskwarima, aka janye ɗauri daga ɓata suna da zagi, aka bar tara. Sassaucin bai yi tsawon rai ba. Ranar 7 ga Yunin 2024, shugaban mulkin soja Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan doka mai lamba 2024-28, wadda ta maido da ɗaurin. Ɓata suna ko zagi ta intanet yanzu shekara 1 zuwa 3 ne, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Aya ta 31 ta fi nauyi: shekara 2 zuwa 5, da tarar miliyan 2 zuwa 5. Aka kuma ƙara wani abu da ya kamata kowa ya riƙe: a ƙarƙashin wannan aya, ko da abin da ka yaɗa gaskiya ne, gaskiyar ba za ta wanke ka ba.

Hujjar ma'aikatar shari'a ita ce an saki linzami da yawa, shafukan sada zumunta sun zama dandalin ƙage da cin zarafi, dole a daidaita ƴancin magana da haƙƙin wanda ake ci wa mutunci. Ban ce maganar ba ta da tushe ba. Duk wanda ya ga yadda saƙon murya ɗaya ke kashe aure, ko yadda ake yawo da hoton yarinya daga zaure zuwa zaure, ya san akwai ɓarna. A ƙasar da ke fama da ƴan ta'adda kuma, jita-jita na iya jawo asarar rai. Inda nake tsayawa shi ne a kan "tada zaune tsaye". Wa ke auna shi? Damfara tana da ma'auni: kuɗi sun fita, ga lamba, ga sa'a. Wannan kuwa ya danganta da yadda mai gabatar da ƙara da alƙali suka kalli maganar. Mai kukan rashin wuta a unguwarsu, ko mai faɗin abin da ya gani a hanyar Tawa, ba shi da tabbacin inda iyaka take, don haka sai ya ja bakinsa ya yi gum.

Wani abin da ƴan fada ba su cika lura da shi ba: ba wanda ya ƙago magana kaɗai ayar ke nufi ba, har da wanda ya yaɗa ta ko ya miƙa wa wasu. "Turo mini aka yi" ba kariya ba ce. Kada kuma ka dogara da cewa WhatsApp a kulle yake. Gaskiya ne saƙon a rufe yake tafiya tsakanin waya da waya, amma a zaure mai mutum ɗari biyu, mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hoton maganarka ya kai gaba. Kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, yana can Amurka yana cin ribar talla, saƙon da ya fi tada hankali shi ya fi gudu a shafukansa, amma wanda za a zo ɗauka yana nan Yamai da salularsa ta jaka talatin.

Yaron ya kai ƙararsa ran Litinin, aka karɓi bayaninsa, aka ce ya saurari kira. Da ya dawo da yamma yana huci, ya ce ya sami hoton wani da yake zargi, zai watsa shi a duk zaurukan da yake ciki da rubutun "ɓarawo" a ƙasa. Na karɓe salular na ajiye gefen buta. Na ce masa hoton ma wa PJ za a kai shi, domin in ya watsa, aya ta 29 ba ta tambaya ko an taɓa yi maka sata.