Babbar Yunwar Ailan (1845–1852)

Babbar Yunwar Ailan ita ce annobar yunwa da cututtuka da ta auka wa tsibirin Ailan daga 1845 zuwa 1852, lokacin da tsibirin baki ɗaya ke ƙarƙashin Birtaniya. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya kuma suka bar ƙasar. Ƙidayar 1841 ta sami mutum kusan miliyan 8.2, ta 1851 kuwa miliyan 6.5 da ɗoriya. Cutar da ke ruɓar da dankalin Turawa ce ta kunna wutar, amma cutar ta ratsa Beljiyam da Holan da Sikotilan ba tare da ta yi irin wannan kisa ba. Abin da ya bambanta Ailan shi ne yadda aka raba ƙasar noma, da kuma waɗanda ke riƙe da mulki.

Ƙasa da masu ita

Tun daga ƙarni na 17 ake ƙwace gonakin 'yan ƙasa mabiya ɗariƙar Katolika ana bai wa baƙi 'yan Furotesta daga Ingila da Sikotilan: an yi haka a yankin Ulster na arewacin tsibirin daga 1609, an kuma yi bayan yaƙin da jagoran sojan Ingila Oliver Cromwell ya kawo a 1649. Dokokin da suka biyo baya sun hana Katolika sayen ƙasa da shiga majalisa. A 1801 aka rushe majalisar Dublin, aka mayar da komai Landan. Fafutukar ɗan siyasar Ailan Daniel O'Connell ta buɗe wa Katolika ƙofar majalisa a 1829, sai dai ba ta mayar musu da gona ko ɗaya ba.

Saboda haka talaka ɗan haya ne a ƙasar kakanninsa. Masu ƙasa da yawa ma a Ingila suke zaune, wakilai ke karɓar musu kuɗi. Alkama da sauran hatsi da alade na biyan haya ne. Abin da iyali za su ci kuwa dankali ne, domin shi kaɗai ne eka guda za ta ba da abin da zai riƙe gida shekara. Kusan mutum miliyan uku ba su da wani abinci sai shi, tare da madara idan ta samu. Ƙato mai aikin ƙarfi kan ci kusan kilo shida a yini. Mafi yawan abin da ake shukawa a yamma iri ɗaya ne, wanda ake kira Lumper, mai yawan yabanya amma marar juriya.

Yadda ta faru

A watan Satumba na 1845 aka fara ganin cutar. Baƙaƙen ɗigo kan fito a ganye, farar hunhuna a ƙarƙashinsa, sai gona ta ɗauki ɗoyi cikin 'yan kwanaki. Wani manomin ya haƙe dankalinsa lafiya lau ya adana a rami, in ya buɗe bayan makonni sai ya tarar da baƙin ruɓaɓɓen abu. A shekarar farko an yi asarar abin da ya kai sulusi ko fiye. A 1846 kusan duka ya tafi. A 1847 cutar ta lafa, amma an riga an cinye iri, ba abin shukawa. A 1848 ta dawo.

Firayim Minista Robert Peel ya sayo masara ta fam dubu 100 daga Amurka a asirce. Masarar mai tauri ce ƙwarai, injinan niƙan Ailan ba su saba da ita ba, mutane kuma ba su san dahuwarta ba, sai ta riƙa ɓata musu ciki. Duk da haka a shekarar farko mutuwa ba ta yi yawa ba. A tsakiyar 1846 gwamnatin John Russell ta hau, wadda aƙidarta ita ce kada hukuma ta sa baki a harkar kasuwa. Charles Trevelyan, babban jami'in baitulmali mai kula da agaji, yana ganin kyauta na lalata talaka. Sai aka ce mai jin yunwa ya yi aiki a biya shi: fasa duwatsu da shimfiɗa hanyoyi, wasu ma ba inda suka nufa. A watan Maris na 1847 mutum fiye da dubu 700 ke wannan aiki, bayan hunturu mai tsanani, kan ladan da bai isa sayen abincin gida ba. A wannan hali jiragen ruwa na ci gaba da fita da hatsi da shanu zuwa Ingila, ko da yake daga 1847 hatsin da ke shigowa ya fi mai fita.

Abin da ya yi aiki shi ne dafa fate ana rabawa kyauta: a watan Yuli na 1847 mutum miliyan uku ake ciyarwa kullum. Wannan ya nuna hukuma na da ikon yi in ta ga dama. Amma kafin ƙarshen shekarar aka rufe tukwanen, aka ɗora nauyin agaji kan harajin Ailan kanta da gidajen gajiyayyu 130 da ake da su. Aka kuma shigar da sharaɗin da ake kira da sunan William Gregory: duk mai riƙe da fiye da rubu'in eka ba shi da agaji sai ya saki gonar. Masu ƙasa suka sami hanyar share 'yan haya. Akan zo da 'yan sanda, a fitar da iyali, a yaye rufin ɗakin don kada su koma.

Yawancin mamatan cuta ce ta ƙarasa su, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa da atini, sai kwalara a 1849. A garin Skibbereen na lardin Cork an binne dubbai a ramuka ba akwati. Masu gudu sun cika jiragen Liverpool da New York da Boston. A tsibirin Grosse Île na Kanada, inda ake killace masu isowa, an binne fiye da mutum dubu 5 a 1847 kaɗai. Taimako ya zo daga nesa: Sarauniya Victoria ta ba da fam dubu 2, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Abdulmajid fam dubu 1, ƙabilar Choctaw ta Amurka, wadda ita ma ba ta daɗe da fuskantar kora daga ƙasarta ba, ta tara dala 170.

Abin da ta bari

Yunwar ta fi cin yamma da kudu, inda ake magana da harshen Ailan na asali, don haka harshen ya ja baya sosai. An daina raba gona tsakanin 'ya'ya. Ɗa guda ke gada, sauran su tafi ƙetare, aure kuma ya koma sai an manyanta. Ƙaura ba ta tsaya ba, har ƙidayar 1911 ta sami mutum miliyan 4.4 kacal.

A siyasa, waɗanda suka tsira ba su yafe ba. A 1858 aka kafa ƙungiyar 'yan Fenian mai neman 'yanci da makami, kuma kuɗinta da yawa daga 'yan Ailan na Amurka yake zuwa. Michael Davitt, wanda aka kori iyayensa daga gonarsu a lardin Mayo yana ƙaramin yaro, ya kafa ƙungiyar kare manoman haya a 1879, Charles Stewart Parnell na shugabanta. Dabararsu ita ce ƙaurace wa azzalumi: a 1880 mutanen Mayo suka ƙi yi wa wakilin wani mai ƙasa, Kyaftin Charles Boycott, aiki ko ciniki da shi. Dokar ƙasa ta 1881 ta sa kotu yanke haya, ta 1903 kuma ta ba manoma rancen sayen gonakinsu. Kafin a kafa ƙasar Ailan mai cin gashin kanta a 1922, inda larduna shida na arewa suka zauna cikin Birtaniya, yawancin gonaki sun riga sun koma hannun masu noma su.

Har yanzu ana gardama kan girman laifin Landan. Ɗan kishin ƙasa John Mitchel ya ce Ubangiji ne ya aiko da cutar, amma Ingilawa ne suka ƙirƙiri yunwar. Yawancin masana tarihi ba su yarda kisan ƙare dangi ne da gangan ba. Suna ɗora laifin kan taurin aƙida da rowa da raina 'yan Ailan. A 1997 Firayim Minista Tony Blair ya amince cewa masu mulki a Landan sun gaza wa mutanensu a lokacin. Yawan jama'ar tsibirin a yau ya ɗan haura miliyan bakwai, bai kai na 1841 ba tukuna.